Ƙashin Yaro Mai Ciwon Ƙoda

Maigida da uwargida, ku saurara. In likita ya ce ɗanku yana da ciwon ƙoda, kada ku yi mamaki in ya haɗa masa da maganin ƙashi. Ga dalili.

Ƙashi gini ne, tubalinsa kuwa wani sinadari ne da a ke kira kalsiyam. Akwai shi cikin nono, da kuka, da zogale, da ƙananan kifi waɗanda a ke ci da ƙayarsu. Gero da dawa da masara ba su da shi sai kaɗan. A 1999 likitoci a Jos suka ba da labarin gwajin da suka yi a kan yara 123 masu lanƙwasassun ƙafafu. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Watau a ƙasarmu ba rana ce ta gaza ba, abinci ne.

To, amma yaro mai ciwon ƙoda sha'aninsa dabam ne. Hanji ba ya jan kalsiyam sosai sai da taimakon bitamin D. Shi kuwa bitamin D kamar hatsi ya ke. Fata ta kan samo shi daga hasken rana, hanta ta surfa, sa'an nan ƙoda ta dafa. In ƙoda ta gaza, ko yaro ya wuni a rana, hatsi na nan amma babu tuwo. Sai jiki ya riƙa yagar kalsiyam daga ƙashi. Yaro ya daina tsawo, ya riƙa kukan ciwon ƙafa, ƙafafu su yi baka ko su yi gwame. Wani har ya kan yi jijjiga. Haka kuma yaro mai kumburi wanda ya daɗe yana shan prednisolone, ƙashinsa ya kan yi rauni. Duk da haka kada a tsai da maganin farat ɗaya, sai da izinin likita.

Saboda haka likita ya kan auna jini tukuna, kana ya ba da ƙwayar kalsiyam, wani lokaci da dafaffen bitamin D, mai suna alfacalcidol ko calcitriol. In an ce a sha kalsiyam tare da abinci, a yi haka nan daidai. Aikinsa ke nan ya kama wani sinadari, fosfaras, tun a cikin hanji, don ƙoda mai ciwo ba ta iya fid da shi. Nono ma yana da fosfaras da yawa. Ga lafiyayyen yaro abinci ne mai kyau ƙwarai, amma ga wannan, a tambayi likita gwargwadon da zai sha.

Ku lura da wannan da kyau. Kada ku sayi ƙwayar ƙashi a hannun mai talla ran kasuwa, kada kuma ku ƙara bisa abin da aka rubuta wai don yaro ya yi saurin samun sauƙi. In kalsiyam ya yi yawa a jini, ƙodar da a ke lallaɓawa ita zai ƙarasa. Alamarsa ita ce amai, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da taurin bayan gida. In kun ga haka, ku koma asibiti ran nan. A rage gishiri da kanwa, a bar jiƙe-jiƙe da maganin ciwon jiki irin su ibuprofen.

Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, saboda niƙan dutsen zinariya cikin gidaje. Dalma tana ɓata ƙoda, yaron da bai sami isasshen kalsiyam ba kuwa hanjinsa ya fi jan ta. Wanda ya ke aikin zinariya ya yi wanka, ya sake tufafi, kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro.

Daga Nahuce zuwa Gusau ba nisa. Ranar da aka sa muku ta awon jini, ku kai yaro Asibitin Yariman Bakura ko duk inda a ke duba shi, ko da kun ga ya warware. Ku tafi da katinsa da dukan magungunan da ya ke sha.