Kafin ka sayi ƙarin RAM saboda tsohuwar manhaja

A makon jiya wani dattijo mai buga katin biki da kalanda ya shigo shagona da kwamfutarsa, ransa a ɓace. Sabuwa ce fil, RAM ɗinta giga 16, amma da zarar ya buɗe manhajar zanen da hannunsa ya saba da ita tun zamanin Windows XP, sai ta ce memori bai isa ba. Har wani mai gyara ya yanka masa kuɗin ƙarin RAM. Na ce, "Baba, mayar da kuɗinka aljihu tukuna."

Idan RAM ya cika, Windows takan ari wuri a faifan ajiya ta jibge abin da ba a buƙata nan take, cikin wani ɓoyayyen fayil mai suna pagefile.sys. Ni memorin aro nake kiransa. Samari da yawa suna kashe shi wai don kwamfuta ta ƙara gudu, alhali wasu tsofaffin manhajoji shi suke fara dubawa, in babu su ƙi tashi. Saboda haka daga nan nake farawa. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, sai Settings na ƙarƙashin Performance, a sake shiga Advanced, sannan Change. A bar wa Windows ta tsara girmansa da kanta, a kashe kwamfutar a kunna. A kuma tabbata faifan C bai cika maƙil ba.

Matsalar Baba ba nan take ba. Manhajarsa 'yar 32-bit ce, irinsu kuwa a al'ada giga 2 kaɗai ake ba su. Komai cikar rumbu, mudu ba ya ɗaukar abin da ya fi cikinsa. Abin dariyar ma shi ne, wasunsu yawan memorin ne ke rikita su. Ma'aunin da suke ƙidaya da shi yana tsayawa ne a 2,147,483,647. Da an zarce, sai lissafin ya kife ya koma ƙasa da sifili, manhajar ta rantse babu komai. Photoshop 7 na 2002 ya yi suna da makamancin haka: in filin da ya rage a faifai ya haura tera 1, sai ya ce faifan ya cika. Maganinsa a yanka masa ƙaramin ɓangare na faifan, a ce ya yi aikinsa a nan.

Na gwada Compatibility, wato a danna dama a kan manhajar, a shiga Properties, a zaɓi Windows XP. Yakan yi aiki, amma a nan bai yi ba. Akwai kuma 'yan facin da ake saukewa daga intanet masu buɗe wa manhaja har giga 4. Ba na gaggawar ɗora su a kwamfutar da mutum ke cin abinci da ita, don ba kowane ne aka san asalinsa ba.

Daga ƙarshe VirtualBox na ɗora masa, wato manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin kwamfuta, na gina Windows XP a cikinta da RAM giga 1 kacal, na toshe mata intanet, tunda Microsoft ta daina yi wa XP gyaran tsaro tun Afrilun 2014. Manhajar zanen ta buɗe ba gardama. Baba ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni ko sauran giga 15 ɗin za su sayu.