Wa Ya Gicciye Yesu?

'Yan'uwa, sa'ad da samarinmu a Kadawa suke shirya wasan kwaikwayo na Ista, mu lura da yadda suke nuna Yahudawa. A garin Oberammergau na ƙasar Jamus ana irin wannan wasa tun 1634. An daɗe ana nuna Yahudawa sai ka ce dukansu ne suka kashe Ubangiji, har Hitler ya kalla a 1934, ya kuwa yaba. Masana suka yi ta tsawatawa, daga 1990 aka gyara shi ƙwarai.

Mu buɗe Markus 15. Manyan firistoci ne suka zuga taron, Bilatus gwamnan Romawa ya yanke hukunci, sojojinsa suka gicciye shi. Yesu kansa Bayahude ne, haka Maryamu da Bitrus. Saboda haka mai yin Bitrus da mutanen taron su sa tufafi iri ɗaya.