Ciwon Marar da Ke Taɓa Hanji

'Ya'yana mata na Gagarawa Tasha da kewaye, ku ba ni aron kunnuwanku. Mun taso ana ce mana ciwon al'ada gadon mace ne, a jiƙa kanwa a sha, in an yi aure zai wuce. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma akwai ciwon da haƙuri kaɗai ba ya magance shi.

Likitoci na kiransa endometiriyosis. Wani nama ne irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta. Duk wata idan al'ada ta zo, shi ma sai ya kumbura ya yi jini, ga shi jinin ba shi da mafita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 190 ne ke fama da shi, wato kusan ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa.

Wani lokaci yakan manne a ƙarshen hanji. Sai yarinya ta shiga bayi a kwanakin al'ada ta dafe bango, gumi na keto mata saboda azaba, ta fito ta ce ba komai. Ciki ya kumbura, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita, wata ma har ta ga jini. Sai a ce basir ne, a yi ta ɗura mata jiƙo shekara da shekaru.

'Yata, lura da lokacinsa. In ciwon yana zuwa tare da al'ada yana tafiya tare da ita, rubuta ranakun na wata uku. Faɗa wa mahaifiyarki ko gwaggonki, ku je Babban Asibitin Gumel, ki zayyana komai ba kunya. In abin ya fi ƙarfinsu, ku nemi takardar ganin likitan mata a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana ganowa da hoton ciki, ko a zura 'yar kyamara ta cibiya a duba. Ana ba da maganin rage zafi da ƙwayoyin da ke kwantar da al'ada. In ya ci hanji sosai, a yi tiyata a kankare naman ko a yanke guntun da ya lalace.

Ku kuma samari, gobe ku ne mazajensu. In matarka ta ce tana jin zafi, ka yarda da ita, ka kai ta asibiti. Allah Ya ba ku lafiya mai ɗorewa.