Darasi: Gwajin DNA da Maganar Kamanni

Kowa a ajin nan ya san gadon jiki. Kun ga hanci yana bin gida, wushirya tana bin dangi, kun kuma san gwajin AA da AS da SS da ake yi kafin ɗaurin aure saboda sikila. Abin da ke ɗauke da wannan gado shi masana ke kira DNA. Yana cikin ƙwayoyin halittar jiki, a naɗe cikin zaruruwa 46, uwa ta ba da 23, uba ya ba da 23. Ba mutum biyu masu DNA iri ɗaya, sai tagwayen da suka fito daga ƙwai guda.

Gwajin kansa ba wuya. Ana goga auduga mai tsinke a cikin kumatun yaro da na wanda ake tambaya a kansa, a kai ɗakin bincike, a kwatanta wurare kamar 20. In ba dangantaka, sakamako ya ce sifiri. In akwai, ya kan haura kashi 99.9 cikin 100. Wani masani mai suna Alec Jeffreys ne ya gano hanyar a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. A 1985 aka fara aiki da ita a kan wani yaro ɗan asalin Ghana da hukumar shige da fice ta Ingila ta yi shakkar ko ɗan matar da ke cewa ita ta haife shi ne. Gwaji ya nuna ɗanta ne, aka bar shi wurin uwarsa. Wato aikin farko da gwajin nan ya yi shi ne haɗa uwa da ɗa.

Yanzu ga abin da ya sa aka rubuta wannan darasi. Ido ba ya gwajin DNA. Kama da wane ba wane ba ce, rashin kama ma ba hujja ba ce.

Ranar suna ce, tsakar gida ya cika, ana raba waina da goro. Mai jego na zaune bakin gado, jariri na yawo hannu zuwa hannu. Sai wata maƙwabciya ta karɓe shi, ta buɗe zani, ta duba kunne, ta duba yatsu, ta taɓe baki.

"Ikon Allah! Wannan fari haka, daga ina? Gidan nan dai duk baƙaƙe ne."

Uwar miji ta ɗago kai. "Me kika ce, Hajiya?"

"A'a, Inna, ba komai. Na ga dai hancin ba irin naku ba ne."

Ta miƙa yaron, ta ɗauki wainarta, ta wuce. Mai jego ta sunkuyar da kai, nono ma ta kasa ba shi. Kafin la'asar magana ta kai bakin famfo, kafin isha ta isa majalisar maza. Maigida da ya yanka rago da safe yana fara'a, da dare ya shigo ba sallama, ya tsaya kan yaron yana haska shi da tocilan waya. Wata gwaggonsa ce ta fito daga ɗaki tana dogara sanda.

"Kai, kashe fitilar nan! Kakanka na wajen uwa, wanda ba ka tarar ba, fari ne sol, har Bafillace ake ce masa. Ni na gan shi da idona."

Ba kowane gida ke da irin wannan gwaggo ba. Inda babu ita, sai yaji, sai saki, sai yaro ya tashi ana nuna shi da baki. Ita kuwa mai maganar tana gidanta tana barci lafiya. Irin waɗannan maƙwabta sun ishe mu. Ba su san rukunin jininsu ba, amma sun iya yanke wa ɗan wani hukunci da kallo ɗaya.

Ku riƙe wannan. Yawancin jarirai da haske ake haifarsu, launinsu na gaskiya sai bayan makonni ko watanni yake zama. Gado na iya ɓuya a jikin iyaye ya fito a jika. Iyaye baƙaƙe biyu na haifar zabiya in kowannensu na ɗauke da gadon a ɓoye. Katin asibiti ma kada ya ruɗe ku: uba mai jinin A da uwa mai jinin B suna iya haifar mai O, kamar yadda AS da AS ke haifar AA. Ido ba ya gwajin DNA.

Addini ya riga mu faɗa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa don launinsa ya bambanta. Aka tambaye shi ko cikin jajayen raƙumansa akwai mai ruwan toka, ya ce akwai, wataƙila gado ne ya jawo. Aka nuna masa ɗan nasa ma haka ne. A shari'a, ɗan da aka haifa cikin aure na mijin ne. A 2002 majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ba a amfani da DNA don kore nasabar da ta tabbata, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani, wato rantsuwar da miji ke yi in zai kore ɗa. To in gwajin da ke da tabbas ma an yi masa iyaka, ina ga kallon kunne da hanci?

Inda gwajin ke da amfani a fili yake: jarirai sun cakuɗe a asibiti, an tsinci yaron da aka sace ko ya ɓata a rikici, gawa ta ƙone ba a gane ta, ko ofishin jakadanci ya nemi shaidar dangantaka. Jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta DNA a 2017, akwai kuma ɗakunan bincike masu zaman kansu. Yana da tsada, don haka a tambayi kuɗin tun farko. In maganar za ta je kotu, a bar alƙali ya ba da umarni, ma'aikaci ya ɗauki samfurin gaban shaidu, da katin shaida da hoto. Audugar da aka goga wa yaro a ɓoye yana barci ba lalle kotu ta karɓe ta ba. In kuma mutanen da ake tambaya a kansu wa da ƙane ne, a faɗa wa masu gwajin, domin DNA ɗinsu na da kusanci, sai an ƙara wuraren da za a duba.