Kafin Ka Zaɓi Kwari Mai Dausayi

Karatu: Farawa 13:5-13, Luka 14:28-30
Ayar haddacewa: Karin Magana 22:29

Ɗan'uwana matashi, da ke 'yar'uwata, wannan darasi naku ne. Idan kana aji uku na ƙaramar sakandare, ba da daɗewa ba za a tambaye ka inda za ka shiga: ajin kimiyya, ajin adabi, ko ajin kasuwanci. Idan kuwa kana aji shida, fom ɗin JAMB yana jiranka. Shekarunka ba su wuce 17 ba, amma ga shi ana so ka zaɓi abin da zai ciyar da kai shekara arba'in. Baba yana so ka zama likita. Kawu ya ce kuɗi yanzu yana cikin kwamfuta. Abokinka kuma ya nuna maka hoton motar wani a waya.

Tambayar aikin da ya fi kawo kuɗi ba zunubi ba ce. Wanda aka taɓa kora gida saboda kuɗin makaranta ya san zafin rashi. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, a shekarar kuwa buhun shinkafa ya wuce wannan kuɗi. Maimaitawar Shari'a 8:18 ta koya mana cewa ikon samun dukiya daga wurin Ubangiji yake, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti a kan mai bi da ba ya kula da iyalinsa (1 Timoti 5:8). Haɗarin yana nan ne sa'ad da kuɗi ya zama tambaya ta farko, ya kuma zama ita kaɗai.

Haka ya faru da Lutu. Da ƙasa ta yi musu kaɗan, shi da Ibrahim, sai Ibrahim ya bar masa zaɓi. Lutu ya ga kwarin Urdun kore shar, ruwa ko'ina, ya ɗauka. A lissafin makiyayi bai yi kuskure ba, gama dabbobi ciyawa suke so. Amma ba mu karanta cewa ya yi addu'a ba, ko ya tambayi halin mutanen wurin. A sura ta 13 ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma. A sura ta 14 yana zaune cikin birnin, har aka kwashe shi a yaƙi. A sura ta 19 ya fita da gudu, ya rasa matarsa a hanya, ya ƙare a kogon dutse. Ga tambayoyi uku da Lutu bai yi ba, waɗanda kai kana da lokacin yi.

1. Me Allah ya sa a hannuna?

A Fitowa 31:1-5 Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla, sassaƙar dutse da itace. Mun saba tunanin cikar Ruhu Mai Tsarki a kan bagade, wajen wa'azi da waƙa. Ga shi a nan Ruhu ya sauko a kan maƙeri da masassaƙi. Baiwar da ke sa ka gane lissafi da sauri, ko ka gyara rediyon gida, ko ka sulhunta abokai masu faɗa, daga wurin Allah take.

Ɗauko takardun sakamakonka na shekara uku, ka duba da gaskiya. Wane darasi ne kake ci ba tare da an bi ka da bulala ba? Wanne ne kake faɗi ko an ɗauko maka malamin gida? Mai neman karatun likita zai rubuta Turanci, Fiziks, Kemistri da Bayoloji a jarrabawar JAMB, kuma daga cikin maki 400 ana bukatar mai yawa ƙwarai, domin masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Idan Kemistri ta kayar da kai shekara uku a jere, wannan ma amsa ce. Ayarmu ta haddacewa ta yi alkawarin tsayawa gaban sarakuna ga wanda ya gwanance a aikinsa, ba ta kuwa ambaci sunan sana'a ba. Gwanin mai haɗa wutar sola ba ya rasa aiki a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, alhali akwai masu babban digiri da ke zaune a gida.

2. Zan iya biyan abin da hanyar take nema?

Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, mutane su yi masa dariya. To, zauna ka yi naka lissafin. Da farko, don shiga jami'a kana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da Lissafi kuma ga masu neman fannin kimiyya. Karatun likita shekara shida ne, sai shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, sai shekarar bautar ƙasa. Aikin lauya shekara biyar ne a jami'a, da ƙarin shekara a makarantar horar da lauyoyi. Injiniya shekara biyar ne. A kwalejin kimiyya da fasaha, ƙaramar difloma shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sai babbar difloma shekara biyu. Ka kuma bar gurbin jinkiri, gama a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas.

Wa zai biya? Ƙannenka nawa ne a bayanka? Kada ka ce wannan rashin bangaskiya ne, tun da Yesu da kansa ya ce a yi lissafin. Ka kawo adadin gaban Allah cikin addu'a, sa'an nan ka nemi hanyoyin da ke akwai: tallafin karatu na jiharka, rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024, da sana'ar hannu a lokacin hutu. Bulus masanin Shari'a ne, duk da haka ya ci abinci da ɗinkin tanti (Ayyukan Manzanni 18:3).

Ka tuna kuma cewa kwari mai ciyawa yau yana iya bushewa gobe. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, masu tebur da lema a bakin titi sun samu kuɗi da sayar da kira. Tambayi mama ina suke yanzu. Wanda ya koyi yadda ake koyo, ya kuma riƙe amana, zai iya sauya hanya in kasuwa ta juya.

3. Su wane ne maƙwabtan wannan kwari?

Kowane aiki mai kuɗi yana da tasa Saduma. Wanda ya iya kwamfuta za a gayyace shi damfara ta intanet. Akanta za a ce ya ƙara sifiri ɗaya. Injiniya za a ce ya rage siminti da rodi, ginin kuwa mutane ne za su kwana a ciki. Jarabar tana farawa tun yanzu, ranar da aka ce ka biya kuɗi a kawo maka amsa a ɗakin jarrabawa. Likitan da ya shiga jami'a da satar amsa, ran wa za a sa a hannunsa?

Wannan ba dalilin gudun manyan ayyuka ba ne. Daniyel ya yi karatun shekara uku a Babila, ya hau babban matsayi a fadar sarki. Bambancinsa da Lutu shi ne, tun yana saurayi ya ƙudura a zuciyarsa abin da ba zai taɓa ba (Daniyel 1:8). Ka yanke naka tun kafin a ajiye maka ambulan a tebur. Karanta 1 Timoti 6:6-10, ka lura cewa son kuɗi ne aka kira tushen mugunta.

Ku iyaye

Baba da mama, ɗanku ba gonar da za ta biya bashin wahalarku ba ce kawai. Yaro da yawa ya rubuta JAMB sau uku yana bin burin mahaifinsa, alhali baiwarsa tana wani wuri. Ku ba da shawara, ku yi addu'a tare da shi, ku kuma saurare shi har ya gama magana.

Abin yi a wannan mako

Rubuta ayyuka uku da kake sha'awa. A cikin ikilisiyarmu nemi mai yin kowannensu, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi shekarun da ya yi yana karatu, abin da ya fi ba shi wuya, da jarabar da ke cikin aikin. Sa'an nan ka keɓe rana guda ta azumi da addu'a a kan abin da ka ji.

Addu'a

Ya Uba, kai ka yi ni, ka san abin da ka sa a hannuna. Ka buɗe idona in ga baiwata, ka ba ni ƙwazon goge ta. Ka tsare ni daga zaɓin ido kaɗai. Ka albarkaci aikin hannuna domin in kula da iyalina, in taimaki mabukata, in ɗaukaka sunanka. A cikin sunan Yesu, Amin.