Yadda Ake Rage wa Motar Tsere Nauyi Bisa Ƙa'ida

A Lome, samun tsohuwar Peugeot ko Toyota daga kasuwar motocin tashar jiragen ruwa ba wuya, kuma bakaniken Zongo ya san cikinta da bayanta. Mai burin shiga gasa irin Rallye Bandama, wadda ake yi a Kwaddibuwa tun 1969, ya fara da rage nauyi. Rage nauyi ya fi ƙarin ƙarfin inji araha, kuma birki da shan kwana duk suna amfana.

1. Karanta doka kafin ka ɗauki sifana. Kowane rukuni yana da nauyin da mota ba za ta gaza shi ba. A dokokin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, misali, motar rukunin Rally2 ba ta yin ƙasa da kilo 1,230. Nemi takardar rukuninka wurin masu shirya gasar.

2. Hau sikeli. Rubuta nauyin motar da yawan man da ke tanki, domin litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce.

3. Kwashe kayan jin daɗi da doka ta yarda a cire: kujerun baya, shimfiɗa, rediyo, sifiku da iyakwandishan. Baƙar kwaltar nan da ke manne a ƙasan mota don kashe ƙara, gasa ta da iska mai zafi ka kankare.

4. Sauya masu nauyi da marasa nauyi: kujerar tsere mai shaidar inganci, ƙaramin batir, wili na alminiyam. Kilo ɗaya a taya ya fi kilo ɗaya a jikin mota tasiri, domin shi yana juyawa yana kuma tsalle a gargada.

5. Kada ka taɓa abin tsare rai. Kejin ƙarfe, bel, tukunyar kashe gobara da gilashin gaba su zauna daram. Kada ka huda shasi ko ka yanke ginshiƙi.

6. Koma sikeli. In ka sauka ƙasa da ƙa'ida, ɗaure ƙarfen cike gibi a ƙasan motar da noti masu ƙarfi, yadda alƙalai za su iya sa masa hatimi.

Bar rarar 'yan kilo, domin sikelin gareji da na ranar gasa ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Gibin kilo guda ya isa a soke maka nasara bayan ka riga kowa isa.