Idan Fulogin Babur Ya Ƙi Ɗauruwa

Manomi a ƙasar Gaya da Ajingi ya san amfanin babur. Shi ke ɗauko taki, shi ke kai gyaɗa da wake kasuwa. To, akwai wata ɓarna da muke yawan gani, kuma galibi mai babur ne ke jawo ta da hannunsa, wato cinyewar haƙoran ramin fulogi, abin da makanikai ke kira tiredi.

Ga dalili. Kan inji da alminiyom ake yin sa, ƙarfe ne mai taushi, shi kuwa fulogi ƙarfensa mai tauri ne. In ka sa fulogi a karkace, ko ka matse shi da ƙarfin tsiya, ko ka kwance shi inji na da zafi, haƙoran ramin ne za su tafi. Alamarsa, kana juya fulogi ba ya kamawa, babur ya rage ƙarfi, ka ji iska na huci ta gefensa. Wani lokaci ma sai ya yi tsalle ya fita kana cikin tafiya.

Kada ka naɗa masa waya ko zare, kada ka cusa gam. Aikin banza ne, zafi zai cinye su. Kuma kada ka yi gaggawar sayen sabon kai, don wannan yana gyaruwa. Bakanike zai faɗaɗa ramin kaɗan, ya yanka sababbin haƙora, ya murɗa wani zoben ƙarfe a ciki, ana ce masa Helicoil. Fulogi girma-girma ne, akwai mai kaurin milimita 10, da 12, da 14, saboda haka tafi da naka a gwada. In ba a samu zoben a Gaya ba, sai a nema a Wudil ko Kano.

Amma fa ka tsaya a kan a sauke kan injin kafin a yanka, a kuma sa sabon gasket. Na san akwai ƙarin kuɗi. Sai dai ɓarɓashin ƙarfen nan in ya zuba ciki, zai karce silinda, gyara ya koma biyu.

Wajen mayarwa, fara juya fulogi da yatsunka har ya zauna, sannan ka kawo sifana: sabo, rabin juyi; tsoho, kada ya wuce kwata. Masu noman rani, haka za ku yi wa injin ban ruwa, don tumatir ba ya jiran bakanike.